Yadda Na Ƙara wa Nuhu Shekara

Ku 'ya'yana, akwai labarin da kuka tashi kuna ji a kaina, wanda ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Wai a Masar na rubuta wata wasiƙa da ta wanke wani bawan Allah daga zargin ƙarya. Wasiƙar dai gaskiya ce, da hannuna na rubuta ta. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalilin da ya sa aka buƙace ta tun farko, domin duk waɗanda suka kawo labarin gida ba su san shi ba. Zan faɗe shi a nan gwargwadon abin da na iya tunawa. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, kun dai san halina.

Abin ya faru ne shekara biyu bayan tarzomar da ta sauke shugaban Masar. Na gama digirina ke nan, ina zaune a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira ina jiran a karɓe ni karatu na gaba, ina koyar da yaran unguwa Alƙur'ani da Larabci bayan la'asar. In na ce unguwa, kada ku ɗauka duk Ainu Shams nake nufi, wurin ya fi ƙarfin haka. Lunguna uku ne kawai da Hausawa suka taru a ciki, ɗalibai daga Najeriya, 'yan kasuwa daga Nijar, da 'yan gidajen da suka daɗe har 'ya'yansu sun fi jin Larabci a kan Hausa. Zaman ƙaramin gari muke yi a tsakiyar birni. In an ɗora tukunya a wannan bene, na wancan bene sun san miyar. In mutum bai zo asuba kwana biyu ba, a na uku za a buga masa ƙofa.

A cikinmu akwai Malam Abdu, mutumin Damagaram, wanda ya girme ni da kamar shekara goma. Aikinsa shi ne mafi ban mamaki a duk unguwar. A saman wani babban ginin kasuwa akwai filin ƙanƙara, inda masu kuɗi ke kai 'ya'yansu su yi sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Malam Abdu ne ke wasa waɗannan ƙarafan, shi ne kuma ke zuba ruwan zafi a kan ƙanƙarar ya ja tsumma har ta koma sumul. Bayan tarzoma kasuwa ta yi sanyi, filin ya zama kufai da safe. Sai mai koyar da wasan hoki na wurin, wani Bamisire da ake kira Kaftin Wa'il, ya rasa yaran da zai cika ƙungiyarsa ta ƙanana. Malam Abdu ya ce masa yana da yara, in dai ba za a ce su biya ba. Haka aka kwashi yaranmu shida aka haɗa su da na Misirawa, aka ba su tsofaffin takalma da sanduna masu lanƙwasa a baki, aka ce su bi wani ɗan baƙin faifan roba su jefa shi a raga.

Da farko dariya muka yi ta yi. Amma kafin shekara ta zagayo, babu maganar da ake yi a lungunanmu kamar ta wannan wasa. Duk ranar Asabar da za a kara da yaran wani filin, sai a ɗauki ƙananan motocin haya biyu, waɗanda suke kira mikrobas. Mata su ɗauko barguna saboda sanyin wurin, da fulas na shayi. Tsofaffin da ba su san dokar wasan ko ɗaya ba su jeru a bayan gilashi suna ihu "buga, buga!" ko da ƙwallon na hannun abokan gaba. Mu da kullum muke tafiya a raɓe a garin mutane, muna lallaɓa takardun zama a aljihu, sai ga wurin da ake kiran sunayen 'ya'yanmu a lasifika. Wanda aka fi kira kuwa shi ne Nuhu, ɗan Malam Abdu, mai tsaron raga. Dogon yaro ne marar magana. In ya saka hular ƙarfensa da manyan matasan ƙafa ya tsuguna a bakin raga, sai ka ga kamar an toshe ta da katifa. Mahaifiyarsa, da muke kira Maman Nuhu, ita ce ke fara guɗa duk sanda ya tare, har matan Misirawa suka koyi irin tata.

A watan Maris aka shirya gasa tsakanin ƙungiyoyin filayen birnin, ta yaran da ba su cika sha uku ba. Da yake ni ne mai kyan rubutun Larabci, kuma ana ganin ni malami ne, sai Kaftin Wa'il ya ba ni takardun rajistar yaranmu in cika. A ƙasan kowace akwai wurin da mai cikawa zai sa hannu cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Na duba takardar haihuwar kowane yaro, na kwafe, na sa hannu. Ta Nuhu ta nuna watan Mayu, shekararsa sha biyu da wata goma. Na miƙa, aka wuce wurin.

Kwana huɗu kafin gasar, ina gidansu ina yi wa Nuhu tilawa, sai ya ɗauko Alƙur'anin babansa domin nasa yana makaranta. A bangon baya na ga rubutun Malam Abdu, irin yadda iyayenmu ke yi, sunan kowane ɗa da ranar haihuwarsa da watan Musulunci da shekarar Hijira. Idona ya faɗa kan na Nuhu: watan Safar, shekara kaza. Ban yi niyyar lissafi ba, kaina ne ya yi da kansa. Na cire wannan shekarar daga wadda muke ciki, na samu sha uku cif, ga shi kuma Safar ɗin bana ya wuce da wata uku. Na dubi yaron, na ga tsawonsa, na ga ɗan gashin da ya fara duhu a leɓensa na sama. Na tuna yadda mutanenmu ke rage shekaru a takarda, abin da ni kaina na sha gani. Nan take na yanke cewa takardar hukuma ce aka taɓa, domin mutum ba zai yi ƙarya a bangon Alƙur'aninsa ba.

Za ku ce yaya mai digiri zai manta cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, kuma in aka tara su shekara sha uku sai su kai kusan wata biyar. Ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar. Ban manta ba, na san shi kamar sunana. Ina jin abin da ya faru shi ne na shafe shekaru ina ƙirga shekarun balaga da na zakka da na idda duk da watan sama, har ya zama a wurina shi ne ainihin lissafi, ɗayan kuwa na ofis ne kawai. Sannan tsoro ya rufe sauran. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai: shaidar zur. Na sa hannu. Kwana biyu ina juya ta, in tashi in zauna. Gidan Malam Abdu bai kai taku ɗari daga nawa ba. Da na je na ce, Malam, ga abin da na gani, da a cikin minti biyar an gama. Amma na ji nauyin in dubi dattijo in nuna ina zarginsa. Sai na zaɓi abin da na ɗauka ya fi sauƙi, na hau metro na tafi wurin mai kula da rajistar gasar, mutumin da bai san ni ba, bai san Malam Abdu ba.

Na same shi a wani ɗan ofis kusa da filin, yana cin burodi da wake. Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce ban zo kai ƙarar kowa ba, kuma mai yiwuwa ne ni ne ban fahimta ba, amma akwai wata takarda da na sa wa hannu wadda zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Ya ajiye burodin ya ce,

"Ya shek, sau ɗaya ake haihuwar mutum. Yaron nan sha biyu ne ko sha uku?"

Na ce, "To, na ga wani rubutu a gidansu da ke nuna kamar sha uku. Amma ban ce lallai ba."

"Rubutun wa?"

"Na mahaifinsa."

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Uba ya fi takarda sanin ɗansa."

Ya jawo jerin sunaye ya ja layi. Na ce masa don Allah kada sunana ya fito. Ya ce tamam, ba damuwa, ya koma kan burodinsa. Ina sauka daga benen na ji wani sanyi a ƙirjina, na ɗauka sanyin sauke amana ne.

Ranar gasa duk unguwa ta fito, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Ina tsaye kusa da benci lokacin da aka kira Kaftin Wa'il gefe aka nuna masa takarda. Na ga ya ɗaga hannu sama yana musu, sannan ya sauke. Nuhu ya riga ya ɗaure matashin ƙafa ɗaya, yana kan ɗaure na biyu, babansa na durƙushe yana ja masa igiyar takalmi. Kaftin ya zo ya tsaya a kansu ya ce,

"Ma'alish, yi haƙuri ya Nuhu. Cire. Sun ce ka wuce shekaru."

Malam Abdu ya ɗago kai, igiyar na hannunsa. "Wa ya ce?"

"Sun ce daga gidanku maganar ta fito. Sun ce takardar da ka kawo ba ita ce gaskiya ba."

Nuhu ya kwance abin da ya ɗaure, ya miƙa hular ga wani ɗan Bamisire da bai taɓa tsaron raga ba, ya je can ƙarshen benci ya zauna da safa kawai a ƙafarsa a kan simintin nan mai sanyi. An zura mana ƙwallo har na daina ƙirgawa. Wani uba daga ɗaya ɓangaren ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce ai dama duk Afirkawan nan 'ya'yansu da gemu ake haifarsu. Mutane suka yi dariya. Matanmu suka naɗe bargunansu tun ba a tashi ba. A cikin mikrobas ina zaune kafaɗa da kafaɗa da Malam Abdu har gida, ina jin ƙashin kafaɗarsa a jikina duk sanda mota ta faɗa rami.

Abin bai tsaya a filin ba. Masu wurin suka dakatar da Malam Abdu daga aiki, tunda ma'aikacinsu ne aka ce ya kawo takardar bogi. A unguwa kuma mutane suka rabu. Wasu suka ce sharri ne, wasu suka ce ai ba banza ba. Matasa suka samu abin tsokana, in ya wuce sai ka ji wani ya ce, "Baba Abdu, yau shekarunka nawa, ko sai an duba?" Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne wani ɗaurin aure da aka yi bayan Juma'a. Shekara da shekaru shi ake kira shaida a irin wannan zama. Ran nan waliyyin ango ya dube shi, ya kawar da kai, ya kira wani. Ina wurin. Na sunkuyar da kaina, amma har a lokacin ina gaya wa zuciyata cewa gaskiya na faɗa, kuma gaskiya dama tana da ɗaci.

Bayan sati biyu, da hantsi, Malam Abdu ya buga mini ƙofa. Yana riƙe da Alƙur'anin nan a naɗe cikin ƙyalle, da takardar haihuwar a cikin leda. Ya zauna a kan tabarmata ya ce,

"Malam Sanusi, kai ne mai ilimi a cikinmu. Ni ban iya maganar ofis ba. Ga abin da na rubuta da hannuna ranar da aka haife shi, ga kuma abin da likita ya rubuta. Wallahi rana ɗaya ce. Ka rubuta musu da Larabcinka mai kyau, ko sa ji."

Na karɓa. A jikin bangona akwai kalanda mai jadawalin mayar da kwanan wata a bayanta. Na sauko da ita don in nuna masa, cikin ladabi, inda lissafinsa ya karkace. Na bi layi da yatsa, na nemo Safar na waccan shekarar, na tsallaka zuwa ɗaya gefen. Mayu. Na sake bi. Mayu, har ranar ma ita ce. Sau uku na yi, kamar mai fatan lambobin za su gaji su canja. Yaron sha biyu ne da wata goma, kamar yadda takardarsa ta faɗa tun farko, kamar yadda ni kaina na kwafe na sa hannu.

"Lafiya, Malam? Na ga fuskarka ta canja."

A nan ne, 'ya'yana, ya kamata labarin ya juya. Mutumin yana gabana, ba kowa sai mu biyu, ƙofa a rufe. Kuskuren farko jahilci ne da tsoro, watakila ana iya yi mini uzuri a kansa, ban sani ba. Amma abin da na yi a wannan hantsin da idona buɗe na yi shi. Na ce masa,

"Ba komai, kaina ne ke ɗan sarawa. Kana da gaskiya, Malam Abdu. Wanda ya kai maganar nan bai iya lissafi ba."

Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da shi." Sannan ya ce, "A'a, astagfirullah. Allah ya shirye shi dai."

Na ce amin.

Na rubuta wasiƙar. Ban taɓa yin rubutu mai kyanta ba, kafin nan ko bayan nan. Na bayyana bambancin shekarun biyu, na kafa jadawalin, na ce wani mai gaggawa ne ya ga kwanan Hijira ya ruɗe. Ban kai ta da kaina ba, domin mai rajista zai gane fuskata. Na ba Kaftin Wa'il ya kai wa masu filin. Bayan kamar wata ɗaya da rabi aka mayar da Malam Abdu bakin aikinsa, aka ba shi haƙuri a tsaitsaye. Amma gasa ta riga ta wuce, kuma a watan Mayu Nuhu ya cika sha ukun da na ɗora masa tun Maris. Filin ba shi da ƙungiyar manya da zai shiga. Sauran iyayen suka ce ba za su sake kai 'ya'yansu inda aka yi musu dariya ba. Ɗaya bayan ɗaya aka mayar da takalman. Ranar Asabar ta koma kamar kowace rana a lungunanmu. Kaftin ya zo unguwa sau biyu yana lallashi, yana cewa yalla ku dawo, ba wanda ya bi shi. Nuhu bai sake taka ƙanƙara ba, ko don raka babansa aiki. Ya ci gaba da zuwa karatu wurina, yana zama a gabana yana biya hadda, ni kuwa ina gyara masa madda da gunna.

Unguwa ta ɗauke ni a kai. A masallaci aka miƙe aka yi mini addu'a. Maman Nuhu ta aiko mini da dambun zogale a babban kwano, da saƙon cewa ba ta da bakin godiya. Na zauna na cinye shi. Ina so ku san wannan, domin na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban nemi yabon ba, zuwa ya yi. Amma na ci dambun, na wanke kwanon, na mayar da shi da hannuna. Shekara biyu na ƙara a Alƙahira. Duk watan azumi sai in ce bana zan faɗa wa Malam Abdu, sai in ce bari a sha ruwa, bari a yi salla, bari ransa ya ƙara hucewa. Ranar da zan dawo gida shi ya ɗauki babbar jakata a ka har bakin titi. Na riƙe hannunsa na ce, "Malam Abdu, akwai wata magana." Ya ce, "Faɗi mana." Na ce, "Ka yafe mini duk abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba." Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka fitar da ni kunya? Na yafe duniya da lahira." Na shiga mota ina sane da cewa yafiyar da na karɓa ta sata ce.

Ya rasu shekarun baya, can a Alƙahira. Na yi masa salla daga nesa, na yi sadaka, na ci gaba da shiruna. Sai da na fara rubuta muku wannan littafin na iso wannan shekarar, na ga ba ni da hanyar tsallake ta. Na nemi lambar Nuhu a wurin wani tsohon maƙwabcinmu. Yanzu magidanci ne, yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Abbasiya. Na gaya masa komai, ban saka watakila ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce,

"Malam, ni yaro ne lokacin, wasa ne ya wuce ni. Wanda aka ƙi kira shaida ba ya nan. Amma Inna na nan, kuma har yau in an ambace ka sai ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a. Ba ni zan gaya mata ba. Ga ta."

Ban shirya ba. Na ji motsin wayar daga hannu zuwa hannu, na ji muryarta ta tsufa tana cewa, "Malam Sanusi? Kai ne? Ina iyali, ina yara?" Na amsa gaisuwar, sannan na sake faɗa tun daga bangon Alƙur'ani har ofishin mai rajista. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce,

"Ashe kai ne."

Na ce, "Ni ne, Maman Nuhu."

"Shekara nawa ina zargin matar da ke benen sama da mu. Na daina gaishe ta. Ta tashi daga unguwar ba mu shirya ba." Ta numfasa. "To, na ji, Malam. Bari in nemi lambarta."

Ta miƙa wa Nuhu wayar, shi kuma ya yi mini sallama ya kashe. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙe ta ta ce ba. Matar benen saman nan ko sunanta ban sani ba.